Ƙasar Ɗakin Kaka Kande

Kanbera, Ostireliya
9 ga Yuli

Zuwa ga baiwata Saudatu,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya. Ya gida, ya damina, ya gwiwar nan taki? Ya ɗanmu Ikrama da matarsa Zulaihatu? Allah ya sauke ta lafiya. Ki gaishe mini da mutanen Hunkuyi kaf, har waɗanda ba su tambaye ni ba. Kada ki ɓata rai don na ce baiwata. Ko a bangon duniya nake, ni jikar namiji ce, ke jikar mace, jirgin sama ba ya soke taubasantaka.

Na sauka lafiya, sai ƙafafu da suka kumbura suntum. 'Yarki Jessica tana nan ƙalau, ta yi nauyi sosai, likita ya ce sai cikin Agusta. Kin ga har na rubuta sunan 'yar fari da hannuna, ƙasar Turawa ta fara lalata ni tun ban kwana biyu ba. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki ta waya, tunda kunnenki ya yi nauyi, in na kira sai dai mu ƙare a "Me kika ce?"

Saudatu, ashe haka duniya take da faɗi? Daga Abuja muka sauka Doha, muka shiga wani jirgin, shi kuwa kamar ya rantse ba zai sauka ba. Na yi barci na farka, na ci abinci, na koma barci, na yi addu'o'i har waɗanda na haddace suka ƙare, na leƙa taga, har yanzu ruwa ne a ƙasa. Sai na tuna a-kori-kurar da muke hawa daga Ikara zuwa Makarfi ran kasuwa, wadda in kin gaji sai ki buga gefenta ki ce akwai sauka. A nan wa za ki buga wa? Baturiyar da ke kusa da ni ko sannu ba ta ce mini ba, ta toshe kunne ta rufe ido. Haka muka tsallake rabin duniya kafaɗa da kafaɗa ban san sunanta ba.

Garin kuma, da aka ce mini shi ne babban birnin ƙasar, sai na zo da Kaduna a kaina: hon, 'yan acaɓa, masu rake a baro. Ina! Da surukina Henry ya ɗauko ni daga filin jirgi na ce masa, yau zaɓe ake yi ne aka hana fita? Ya yi dariya ya ce haka garin yake kullum. Tituna manya-manya, tsaf kamar an lashe su, babu mai tafiya a ƙasa sai wani tsoho da kare yake ja. Motoci a hannun hagu suke bi, irin na gida muna yara. Kin tuna ranar da aka sauya hannu, aka hana mu zuwa bakin titi wuni guda? Duk kwanar da Henry ya sha sai na dafe ƙirji.

Majalisarsu a cikin tudu suka gina ta, suka shuka ciyawa a kan rufin, kore shar, ko akuya ɗaya babu. A tsakiyar gari ga wani makeken tafki, bakinsa fili fetal, ba tumatir, ba albasa, ba rake. Na ce da mutanen Kudan za su ga wannan asara da sun yi kuka. Ga sanyi, a watan Yuli fa! Da safe ciyawa fari fat, baki yana hayaƙi. Rana ma ta rikita ni, ta gefen arewa take bi, har yau in na fito waje ban san ta ina zan juya in fuskanci gida ba. Akwai wasu fararen tsuntsaye masu tukku, ihunsu kamar ana yanka akuya. Dabbar nan tasu mai tsalle kuma na gan ta jiya a bayan unguwa, sai ki ce gafiya ce ta kai girman maraƙi, kuma a gaba take goyo.

Abu ɗaya ne ya sa ni hawaye. Itacen turare ne ko'ina a garin nan, irin wanda ya kewaye makarantarmu ta kwana. Ina fitowa daga mota ƙamshin ya buge ni, sai ga ni 'yar aji biyu, ga ki kina murza ganyen kina cusa mini a hanci wai maganin mura. Na tsaya a bakin ƙofa sororo har Jessica ta zo ta ja ni ciki.

To ga abin dariya. A Sidni, inda muka fara sauka kafin ƙaramin jirgi ya kawo mu nan, mutanen ba su yarda a shigo musu da kayan gona. Jessica ta gargaɗe ni in nuna duk abin da na ɗauko, na kuwa zazzage jaka. Wani guntun kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban kayana kamar an aiko shi. Suka ɗauke daddawa, suka ɗauke kuɓewa da kilishi, kanwa ma sai da aka yi taro a kanta kafin su bar mini. Sai ma'aikaciyar ta kwance ƙullin nan da kika danƙa mini a tashar Ikara, ta ga jar ƙasa, ta ja da baya kamar ta ga maciji. Na yi ta bayani da Turancina na tsohuwar nas, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta sa safar hannu ta jefa shi cikin wani kwandon shara mai murfi, da tsumman da komai. Takalmana ma sai da suka karɓa suka wanke musu laka. Don haka, baiwata, ƙullinki yana Sidni, in kina so ki hawo jirgi ki zo ki roƙi karen. Amma kada ki damu, ashe ma ba a bukatarsa a nan.

Ki rubuto mini labarin gida, ko na kaza ne.

Uwargijiyarki,
Banis


Hunkuyi
30 ga Yuli

Zuwa ga Malama Bernice,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Ruwa yana sauka, masara ta fara fitar da gemu. Ikrama da iyalinsa suna amsawa.

Na sami takardarki tun ranar da aka turo. Mun gode Allah da ya sauke ki lafiya, kika kuma ga abubuwan mamaki. Na karanta labarin kare da kwandon shara. Tunda abin ya ba ki dariya, madalla. Tunda kuma kin ce ba a bukatarsa a can, to ku kuka san abin da kuke bukata, mu mutanen ƙauye ne.

Allah ya sauki Jessica lafiya.

Saudatu Abdulsalami


Kanbera
14 ga Agusta

Zuwa ga Saudatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin naki, ya Ikrama, ya mai nauyi? Mu nan lafiya, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Albishirinki! 'Yarki ta sauka shekaranjiya waccan, namiji, jawur da shi, ga gashi, ga murya. Uwa da ɗa lafiya lau. Na buɗe baki zan rangaɗa guɗa a asibitin, Jessica ta damƙe hannuna ta ce, "Mama, don Allah." Haka na haɗiye ta, har yanzu tana nan tokare a wuyana. A gida da yanzu tsakar gida ta cika da mata, ana daka yaji, ana hura wutar ruwan wanka, wata na shiga wata na fita. Nan kuwa maƙwabciyarmu ta ajiye fure a bakin ƙofa ta tafi, ko leƙo yaron ba ta yi ba.

Ni na yi masa wankan fari da hannuna da aka sallamo mu, a cikin wata 'yar robar wanka. Uwar ma na fara mata na jego. Babu darbejiya a ƙasar nan, sai na je na karyo ganyen turare a bayan gida, yana yi babu laifi. Ran farko tururin ya tayar da wata na'ura da ke jikin rufi, ta kama ihu, Henry ya fito a guje ya ɗauka gobara ce. Kunun kanwa kuma na dama da garin gero na shagon Indiyawa, bai kai namu ba, amma ta sha.

Yanzu ki saurare ni. Na jira amsarki har na fara tambayar Jessica ko wayarki ce ta lalace, ta ce a'a, an buɗe tun ranar. Da amsar ta zo kuma, gajera kamar katin asibiti. "Malama Bernice"? Tun muna yawo ba riga kike ce mini Banis, yaushe na zama Malama a bakinki? Har da sunan mahaifinki a ƙasa, sai ka ce ofis kika rubuta wa. Ko zagi ɗaya ba ki rama ba, nan na san abin babba ne.

In ƙullin nan ne, ki gaya mini abin da ban gani ba. Ni abin da na sani, ƙasar gida ce da ake ba matafiyi ya jiƙa ya sha don kada baƙon ruwa ya ɓata masa ciki, kamar yadda aka ba ni lokacin da zan tafi Legas kwas. Ruwansu kuwa bai yi mini komai ba, shi ya sa na ce ba a bukatarsa. Ai ƙasa ce, Saudatu, tana nan cike da tsakar gidanki. A kan wannan za ki yanke ni?

Ba ni da kowa a garin nan da zan yi Hausa da shi in ji daɗi. Jessica rabi Turanci take amsa mini. Da yamma ina tsayawa a taga da yaron a kafaɗa, ina kallon titi ko wani zai wuce in ce masa sannu, ba kowa. Ke kaɗai ce ƙofar da nake leƙa gida ta cikinta, kada ki rufe mini.

Taki,
Banis


Hunkuyi
17 ga Agusta

Zuwa ga Banis,

Bayan gaisuwa, barka, barka da arziki! Allah ya raya, ya ba uwa lafiyar shayarwa. Guɗar da aka hana ki na yi miki ita a tsakar gida har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko Zulaihatu ce. Ita kam tana nan tana jan ƙafa, sai wata mai kamawa. Gwiwa da sauƙi in ba a yi hadari ba.

Na karanta takardarki na maimaita. Fushin ya sauka, wani abin da ya fi shi nauyi ya hau wurinsa. Ashe ba ki sani ba. Ni kuma wallahi na ɗauka kin sani.

Ba ƙasar tsakar gidana ba ce. Kin tuna Gidan Kande, can bayan Janfalan, inda ake tara mu hutun kaka, ku daga Ikara mu daga Hunkuyi? Kin tuna ɗakin Kaka Kande, uwar kakanki da kakata, da daɓensa ja mai sheƙi wanda ya sha makuba? A kansa muke kwanciya rigingine da zafin rana saboda sanyinsa, ke kina lasar sa a ɓoye ana dukan ki. To shi ne.

A gidanmu, duk yaron da aka haifa, na coci ne ko na masallaci, ana kankaro ɗan daɓen nan a zuba a ruwan wankansa na fari. In cibiyarsa ta faɗi kuma a kai ta gindin ɗorawar da ke bayan ɗakin a binne. Ba tsafi ba ne, ba a kiran sunan kowa sai na Allah. Kaka cewa take don ƙafar yaro ta san hanyar gida. Tun da ɗanta ya bi mishan 'yarta ta auri Musulmi, abin da ya rage muna yi tare ke nan. Taki cibiyar tana can, tawa tana can.

Da mutane suka watse ɗakin ya faɗi, Innata ta je ta ɓamɓaro abin da ta iya ta zuba a gwangwanin madara. Kai cibiya aka daina saboda nisa, gwangwanin ne ya ci gaba da yawo gidajen haihuwa. Mamanki ta rasu kina makarantar nas, ba ta kai ga gaya miki ba. Da kika haifi Jessica a Zariya, Inna ce ta zo ta yi mata wankan fari kina kwance, ashe ba ki ga abin da ta zuba ba. Ni duk shekarun nan ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Da Inna za ta rasu ta bar mini gwangwanin. Kowace haihuwa yana raguwa, har ya rage na yaro ɗaya. Ga Zulaihatu, ga Jessica. Na daɗe ina juya abin. Daga baya na ce wanda za a haifa a Hunkuyi ƙasar nan zai taka ko ya so ko ya ƙi, wancan ne zai buɗe ido inda ba kowa. Na juye gwangwanin kaf a tsumma na ƙulle.

A tasha kuma, ga direbobi ga 'yan kamasho, ta yaya zan buɗe baki in yi maganar cikin fari da bai sauka ba, a gaban uwar mai cikin? Na ce miki, "Kin san amfaninsa." Kika ce, "Na sani." Na koma gida da farin ciki. Sai ga takarda wai yana kwandon shara, wai ba a bukatarsa. Na ce shi ke nan, Banis ta hau jirgi ta ga fitilu, mu da Kaka mun zama abin ba da labari. Na kwana biyu ko tuwo ba ya wuce mini.

Kada ki ce in je in ɗebo wani. An sayar da kufan tuntuni, wani Sama'ila ne yake noma masara a wurin, tarakta ta bi ta kan ɗakin ba sau ɗaya ba. Babu sauran daɓe a duniya. Ban gaya miki don ki yi kuka ba, tambaya kika yi. Laifin namu ne mu biyu, ni da kunyata, ke da saurin bakinki.

Ki shafa mini kan angon nawa.

Saudatu


Kanbera
23 ga Agusta

Zuwa ga 'yar'uwata Saudatu,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida gwiwa. Ya Zulaihatu? Mu lafiya, yaro yana tsotso kamar an biya shi. An sa masa suna Elias, sunan kakana, ɗan Kaka Kande.

Kukan da kika hana na yi shi. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Jessica ta ji. Rabon jikarki ko jikanki kika ɗauka kika ba ni, na tsaya ina kallo aka jefa shi a shara, har na zo ina yi miki dariya da shi. Da na san abin da ke cikin tsumman nan, da na roƙi matar ta bar ni in ɗan lasa kafin ta jefa, ko ba komai ya shigo ƙasar a cikina. Na sa Henry ya buga waya can filin jirgin, suka ce irin waɗannan kayan ba a ajiye su, tuni an ƙone. Ki yafe mini.

Tun da na karanta takardarki ɗakin nan yake dawo mini. Ƙamshin makuba in an yayyafa ruwa, da ramin da ƙafar gadon Kaka ta yi, da yadda take ƙwala mana kira da yamma ta haɗa sunayenmu kamar na mutum ɗaya. Ina zaune a gida mai na'urar ɗumama ɗaki, ƙasan duk kafet, ina marmarin in kwanta a kan daɓe.

To ga abin da ya sa na rubuto da sauri. Jiya da safe Jessica tana canza wa yaro kunzugu sai cibiyar ta faɗo. Ta naɗe ta a takarda za ta jefa a shara, na yi wani tsalle da ban san ina da shi ba na riƙe hannunta. Na zaunar da ita na karanta mata takardarki tun daga farko, da Hausa, ban fassara ko kalma ɗaya ba, ta kuwa gane. Da na gama ta ce, "Mama, tawa tana ina?" Ni ma ban sani ba. In kin sani ki gaya mana.

Na naɗe cibiyar a auduga na sa a 'yar kwalbar magani. Akwai wani Clement da muke coci ɗaya, mutumin kudancin Kaduna, zai je gida bikin ƙanwarsa cikin Satumba, ya ce zai bi ta Zariya. Sai Ikrama ya tare shi ya karɓa.

Yau ba wasa nake ba, ba baiwata nake rubuta wa ba. Rabin farko ya wuce yaron nan ta hannuna, ina roƙon ki kada na biyun ya wuce shi. Ban sani ba ko ɗorawar tana tsaye, ban sani ba ko mai gonar zai yarda, na kuma san gwiwarki. In ba zai yiwu ba ki faɗa mini gaskiya, kada ki yi mini shiru. Shirunki ya fi sanyin garin nan shiga ƙashi.

Taki har kullum,
Banis


Hunkuyi
29 ga Satumba

Zuwa ga Banis mai saurin baki,

Bayan gaisuwa da fatan ke da Jessica da Henry da angona kuna lafiya. Na san kin ƙirga kwanakin shiruna kina zagina a zuci. Ba fushi ba ne, ban so in rubuto miki "za a yi" ba, na fi so in rubuto "an yi". Gwiwa kam ta kumbura kamar tulu, ina kwance nake rubutun nan, kuma ke kika jawo.

Da farko, Zulaihatu ta sauka farkon wata, mace, an sa mata Khairat. Da ruwan rijiya zalla aka wanke ta, ga ta nan tana cika mana gida da kuka. Da cibiyarta ta faɗi na karɓe na ajiye, ban gaya wa kowa dalili ba.

Clement ɗinku ya cika alkawari, Allah ya yi masa albarka. Ran Asabar muka ɗauki hanya ni da Ikrama, muka biya Ikara muka ɗauki ƙanwarki Linda, don na ce ba za a yi abin nan da ɓangare ɗaya ba. Mota ta ajiye mu Janfalan, acaɓa ya kai mu inda laka ta hana, sauran muka taka. Banis, ban gane ko'ina ba. Babu rijiyar, babu kukar bakin hanya, masara ce kawai ta fi ƙarfin kai ta kowane gefe. Na tsaya na ce wa Ikrama mu koma, na ɓatar da gidanmu. Sai Linda ta hau wani ɗan suri ta ce, "Yaya, ga wani itace can." Ɗorawar ce. Ta tsufa, reshe ɗaya ya bushe, amma tana tsaye.

Muna kutsawa sai ga mai gonar da adda a hannu, ya ɗauka ɓarayin masara ne. Da ya ga tsohuwa da sanda ya sauke murya. Na gaya masa ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu, ban ɓoye komai ba. Ya daɗe yana kallon itacen, sannan ya ce, "Hajiya, ni dai ban san da mutane a ƙarƙashinta ba." Na ce to yanzu ka sani, kada ka sare ta. Ya ce ko ya so matansa ba za su bari ba, da kalwarta suke daddawa. Da kansa ya sare karan da ya tare mana hanya, ya kuma ara mana fartanya.

Ikrama ya haƙa ramin ta gefen gabas, inda nake ganin Inna tana durƙusawa. Na sa ta Elias, na sa ta Khairat, rami ɗaya. Na yi addu'a irin tamu, Linda ta yi irin taku, Sama'ila yana gefe yana cewa amin ga duka biyun. Sannan na rangaɗa guɗar da ta tokare miki wuya, har tsuntsaye suka tashi daga masarar.

Ki gaya wa Jessica tata tana can. Ita ce ta ƙarshe da Inna ta kai, ta dawo ƙafarta duk ƙaya. Tsakaninta da ta ɗanta bai fi taku ɗaya ba.

Abu na ƙarshe. Na tafi da gwangwanin madarar a jaka, fanko, ni ma ban san dalili ba. Kafin a rufe ramin na cika shi da ƙasar da aka haƙo. Ba daɓen Kaka ba ne, ba sheƙi, ba ƙamshin makuba, ƙasar gonar Sama'ila ce har da takin zamani a ciki. Amma yana nan ƙarƙashin gadona, cike har baki.

Ba zan ƙara ƙulla wa kowa ya kai wa kare ba. Ki gaya wa Jessica da Henry, ran da yaron ya fara tafiya su kawo shi, ni zan wanke masa ƙafa da ƙasar. In sun zo ba su same ni ba, Ikrama ya san inda gwangwanin yake, Linda kuma ta ga itacen.

Uwargijiyarki ta gaskiya,
Saudatu